Me Ya Sa 'Ya'yanmu Suke Faɗuwa A Turanci?

Kowace shekara wajen watan Agusta, sa'ad da masara ta nuna ana gasa ta a bakin hanya, sakamakon jarrabawar gama sakandare yakan fito. A gidaje da yawa labarin iri ɗaya ne. Yaro ya ci lissafi, ya ci ilmin halittu, ya ci aikin gona, ya ci Hausa, amma a gaban Turanci an rubuta D7, ko E8, wani ma F9. Uban da ya sayar da buhunan hatsi ko akuya domin ya biya kuɗin jarrabawa yakan duba takardar, ya ga ci bakwai da faɗuwa ɗaya, ya ce ai ba laifi. Sai daga baya ya ji cewa wannan ɗayar ta rufe ƙofa. Gama jami'o'in Nijeriya suna neman kiredit biyar, da Turanci a cikinsu, wato daga C6 zuwa sama, ko da aikin injiniya ne yaron zai karanta ko likitancin dabbobi.

Mu malamai mukan sha tambaya a kan wannan, a ƙofar makaranta, a kasuwa, har bayan an tashi daga sujada. "Malam, yaron nan fa yana jin Turanci. Da Turanci yake hira da abokansa. To, yaya aka yi ya faɗi?" Tambayar tana da kyau, amma ba ta amsuwa a tsaye. Saboda haka muka ga ya kamata mu buɗe takardar jarrabawar nan a gaban iyaye, mu duba tare abin da take aunawa.

Asalin jarrabawar

A zamanin Turawa, jami'o'in Ingila, musamman ta Kambirij, su ne suke tsara tambayoyin da yaran ƙasar nan suke amsawa. A 1950 wani masanin ilmi daga Landan, Dokta G. B. Jeffery, ya ba da rahoto cewa a kafa hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma. Aka kafa ta a 1952 domin Nijeriya, da Ghana, da Saliyo, da Gambiya. Laberiya ta shigo a 1974. Ita ce WAEC da kowa ya sani. A 1964 wani mai suna D. W. Grieve ya rubuta wa hukumar rahoto a kan yadda ake auna Turanci, inda ya tuna musu cewa Turanci harshe na biyu ne ga yaranmu, ba daidai ba ne a auna su kamar 'ya'yan Ingila. Bayan wannan ne tambayoyin zaɓi, na A, B, C, D, suka sami gindin zama. JAMB ta zo a 1978 domin shiga jami'a, NECO kuma a 1999 da hedkwatarta a Minna. Kowaccensu tana da tata jarrabawar Turanci, amma duk abu ɗaya suke nema.

Bisa ga tsarin da WAEC ta daɗe tana bi, takardun Turanci uku ne. Ta fari tambayoyin zaɓi ce guda 80 cikin awa ɗaya, rabi a kan kalmomi, rabi a kan nahawu, makinta 40. Ta biyu awa biyu ce, makinta 100: insha'i 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. Ta uku a kan furuci ce, tambayoyi 60, maki 30. Abin dariya a nan shi ne, a Nijeriya ana yin wannan jarrabawar furuci ba tare da yaro ya buɗe baki ba. Da fensir yake nuna yadda ake faɗin kalma.

Ku riƙe wannan lissafi, gama za mu komo gare shi. Cikin maki 170, guda 100 ba a samunsu da duhunta akwati da fensir. Sai yaro ya karanta, ya gane, ya kuma rubuta da hannunsa.

Nahawu

Yawancin yaran makarantunmu harshe uku suke ɗauke da shi. A gida Tangale ne, ko Ngas, ko Bachama, ko Jju, ko Berom. A kasuwa da majami'a Hausa ce. Turanci kuwa sai a aji. Wannan ba abin kunya ba ne, yaron da yake juya harshe uku ba daƙiƙi ba ne. Amma ya kamata mu san cewa sa'ad da ya zauna rubuta Turanci, sauran harsunan biyu suna zaune tare da shi, suna raɗa masa amsa.

Ga misali. A Hausa mukan ce "ara mini biro," mu kuma ce "na ari biro." Tushen kalmar ɗaya ne. Turanci kuwa ya raba su biyu, mai karɓa yana da tasa, "borrow," mai bayarwa yana da tasa, "lend." Yaronmu sai ya ce "borrow me your pen," kowa a ajin ya gane shi, har ya sami biron. A jarrabawa kuwa an kashe shi. Haka kuma kalmar nan "ji." Da ita muke jin magana, da ita muke jin wari, da jin sanyi, da jin daɗin miya, da jin harshe. Bature yana da kalma dabam domin kowanne. Saboda haka in yaro ya rubuta cewa yana "hearing" warin wani abu, ba shirme ya yi ba, Hausa ce ya sa mata kwat da wando.

Akwai wadda takan kama har manya. In aka tambayi Bahaushe, "Ba ka ci abinci ba?" in bai ci ba yakan ce, "I, ban ci ba." Yana gaskata maganar mai tambaya ke nan. A Turanci dole ya fara da "No." Ga kuma jam'i. Muna da shawara da shawarwari, labari da labarai, to me zai hana yaro ya rubuta "advices" da "informations"? Ba abin da zai hana shi sai in ya saba gani a rubuce cewa waɗannan ba su ɗaukar jam'i. Aikatau kuma wata wahala ce. Namu "tafi" yana nan yadda yake, ya tafi, zai tafi, bai tafi ba, ƙananan kalmomin da suke gabansa ne suke nuna lokaci. Nasu kuwa rikiɗa yake kamar hawainiya, "go," "went," "gone."

Kada a ɗauka Turanci ya fi Hausa wadata ta kowace fuska. Mu muna da kai, da ke, da ku. Su "you" ɗaya tak gare su, ko mace ce, ko namiji, ko taron gari. Kowane harshe da inda ya yi ƙiba da inda ya rame.

Masu tsara tambayoyi sun san ramukan nan sarai. Cikin amsoshi huɗu da za su jera, sau da yawa ɗaya takan zama daidai yadda muke faɗa a titi. Yaron da Turancinsa duka na kunne ne zai ga wannan, ya ji ta yi masa daɗi a kunne, ya zaɓe ta da gaba gaɗi. Amsar tambayar iyaye ta fara fitowa ke nan. Turancin da yaro yake hira da shi da abokansa shi ne tarkon da aka ɗana masa.

Maganin da makarantu da yawa suke bayarwa kuwa bai dace da ciwon ba. Ana sa yara su rera ma'anar suna, da aikatau, da sifa, kamar waƙa, har ana jinsu daga bakin hanya. Yaro yana iya haddace dokoki 50 na nahawu, ya kasa rubuta wa kawunsa wasiƙa mai layi biyar. Sanin sunayen sassan keke bai taɓa koya wa kowa hawa ba.

Kalmomi

A sashen kalmomi ana ba yaro kalma a ce ya nemo mai kama da ita, ko kishiyarta, ko ya faɗi ma'anar wani salon magana. Akan kuma kawo ɗan labari da aka ciccire kalmomi daga cikinsa, a ce ya cike. Labarin yana iya zama a kan asibiti, ko kotu, ko gini, ko banki, ko kamun kifi, ko kasuwar hannun jari. Yaron da ya tashi a ƙauye, wanda bai taɓa shiga banki ba, ana so ya san kalmomin ma'aikatan banki. Wani zai ce wannan ba adalci ba ne. Mu ma mukan ji haka wani lokaci. Amma ɗan birni ma bai taɓa shiga jirgin masunta ba. Hanya ɗaya ce take kai yaro wuraren da ƙafarsa ba ta taka ba, ita ce karatu.

Masu bincike a kan koyon harshe sun auna wannan abu. Wani malami a ƙasar New Zealand, Farfesa Paul Nation, ya nuna cewa kafin mutum ya karanta rubutu ya gane shi ba da taimako ba, sai ya san wajen kalmomi 98 cikin kowane 100. Ya kuma ƙiyasta cewa mai son karanta jarida ko littafin labari na Turanci haka yana bukatar tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Bari mu kawo wannan gida. A ce labarin jarrabawa yana da kalmomi 400, yaro kuma ya san 90 cikin 100. Ga kunne wannan ci ne mai kyau. Amma ma'anarsa ita ce akwai kalmomi 40 da bai sani ba a shafi ɗaya, kusan ɗaya a kowane layi. Tabarmar da take da huda 40 ba ta shanya gero.

Ba malamin da zai iya rubuta kalmomi 8,000 a allo. Ko ya ba da 10 kowace ranar makaranta, yara kuma ba su manta ko ɗaya ba, shekara ba za ta kai su 2,000 ba, mun kuwa san yara suna mantawa. Kalma takan zauna a kai in yaro ya gamu da ita sau da yawa cikin labarai dabam dabam, kamar yadda mutum yakan san baƙo in ya yi ta haɗuwa da shi a hanya.

Fahimta, inda gizo yake saƙa

Yanzu bari mu gwada ku, masu karatu, da Hausa. Ga jimla:

"Jiya da yamma Ladi ta tarɓuna gwalmaki uku a gindin sankoli, domin murtabe ya ƙi dalfasa."

Tambaya ta 1: Me Ladi ta tarɓuna? Tambaya ta 2: A ina? Tambaya ta 3: Don me?

Mun tabbata kun ci duka. Gwalmaki uku. A gindin sankoli. Domin murtabe ya ƙi dalfasa. Uku bisa uku, a tafa muku. To, mene ne gwalmaki? Cinsa ake ko sa shi ake a wuya? Ladi murna take ko baƙin ciki? Ba wanda ya sani, gama mu ne muka ƙaga kalmomin yanzu, ba su da ma'ana ko kaɗan.

Haka ɗimbin yaranmu suke cin "fahimta" tun daga aji huɗu na furamare har su kai ƙarshen sakandare. Sun koyi dabara. Yaro ya duba kalmar da take cikin tambaya, ya bi labarin da yatsa har ya same ta, ya kwashe layin duka ya zuba a takardar amsa. Malami ya ga amsar tana ciki, ya ba shi maki. Yaro ya yi murna, uba ya ga 8 bisa 10 ya yi murna, malami ma ya huta. Shekara tara ana wannan ciniki, ba wanda ya tsaya ya ce wa yaron, "Rufe littafin, gaya mini abin da ya faru."

Ranar babbar jarrabawa dabarar takan watse. A can ana tambayar abin da marubucin yake nufi ko da bai faɗa a fili ba. Ana tambaya ko yana goyon bayan abin da yake bayani ne ko yana yi masa ba'a. Akan ɗauko kalma daga labarin a ce a kawo wata da za ta zauna a gurbinta ba tare da ma'ana ta canja ba. Sashen taƙaitawa kuwa, mai maki 30, shi ne mahakar yara. Akan ba da dogon rubutu, a ce a fitar da, misali, dalilai uku da sakamako uku, kowanne cikin jimla ɗaya. Wanda ya kwaso layin marubuci yadda yake ana rage masa maki ko a hana shi gaba ɗaya. Rahotannin manyan masu duba takardu na hukumar sun sha yin kuka a kan wannan kwashe-kwashe. Ba mai iya taƙaita abin da bai gane ba. Ko a gida, in kun aiki yaro ya saurari sanarwar mai unguwa, wanda ya gane yakan dawo da magana biyu, wanda bai gane ba yakan dawo da guntayen kalmomi.

Insha'i ma daga wannan rijiya yake sha. Ana neman kalmomi 450, wasiƙa ce, ko jawabi, ko labari, ko muhawara. Cikin maki 50, akwai 10 da aka keɓe domin tsabtar rubutu, wato haruffa daidai, da aya, da waƙafi, da nahawu. Kowane kuskure yana cin rabin maki. Kuskure 20 ya cinye goman ke nan, yaro da yawa kuwa kafin ya gama sakin layi na biyu ya riga ya kai 20. Rubutun waya ya ƙara dagula lamarin, gama hannun da ya saba gutsure kalmomi a saƙo yakan manta a ɗakin jarrabawa.

To, in maki 100 cikin 170 suna wurin karatu da rubutu, me ya sa makarantu suke kashe yawancin lokaci a kan tsofaffin tambayoyin zaɓi? Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A ce malami yana da aji huɗu, kowanne da yara 60. In ya ba da insha'i ɗaya, takardu 240 ke nan. In ya ba kowace minti biyar kawai, awa 20 ne, ban da shirya darasi, ban da gonarsa, ban da iyalinsa. Tambayoyin zaɓi kuwa yara suna iya musayar littattafai su duba wa juna cikin minti goma. Ba muna wanke malamai ba ne, mu ma a cikinsu muke. Muna so dai iyaye su san inda nauyin yake, domin in an zo taron iyaye da malamai a yi maganar yawan yara a aji kafin a yi maganar fentin ofis.

Tambayoyin zaɓi suna da wani ruɗi kuma. In amsoshi huɗu ne, wanda ya rufe ido ya yi ta caka fensir zai sami wajen 20 cikin 80. Saboda haka yaron da ya kawo 30 bisa 80 kada a ce ya kusa rabi. Abin da ya sani da gaske kaɗan ne.

Na'ura ma da take duba su aikin mutum ce. A 2025 WAEC ta jujjuya jerin tambayoyin zaɓi domin hana kwafa, yadda lamba 1 ta wannan yaro ba ita ce lamba 1 ta maƙwabcinsa ba. Da sakamako ya fito a watan Agusta, kashi 38 cikin 100 ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta amsa cewa an yi kuskure wajen duba wata takardar zaɓi ta Turanci, ta gyara, adadin ya hau zuwa kusan kashi 63. Iyayen da suka ɗauki bulala a ranar fari sun yi gaggawa.

Harshen gida abokin gāba ne?

Iyaye da yawa, da suka ga wahalar nan, sun yanke shawara su hana yara harshen gida. Makarantu kuma suna cin tarar wanda aka kama yana Hausa. Mu dai ba mu ga amfanin wannan ba. Abin da yake fitowa shi ne yaro wanda ba ya iya gaida kakarsa da harshenta, Turancinsa kuma na titi ne, irin wanda muka ce tarko ne.

An taɓa gwada wannan magana a ƙasar nan. A 1970 Farfesa Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka fara koya wa wasu yara dukan darussan furamare da Yarbanci har shekara shida, Turanci kuwa ana koyar da shi a matsayin darasi guda a hannun malamin da ya ƙware. Aka kwatanta su da waɗanda aka juya zuwa Turanci tun da wuri. Yaran Yarbanci ba su kasa a Turanci ba, a sauran darussa kuma sun yi gaba. Dalilin yana da sauƙin ganewa. Bin zaren labari, da rarrabe babbar magana da ƙarama, da gane abin da ake nufi a bayan abin da aka faɗa, duk wannan aikin hankali ne. Yaron da ya koye shi da harshen da ya sani yakan ɗauke shi ya shiga da shi sabon harshe.

Gwamnati kam ta sha canja magana. Manufar ilmi ta 1977 ta ce a fara da harshen gida a shekarun fari na furamare. A 2022 aka ce a kai shi shekara shida. A watan Nuwamba na 2025 ministan ilmi ya sanar cewa an koma koyarwa da Turanci tun daga tushe. Wannan na makaranta ne. Abin da ake yi a tsakar gida bayan an ci tuwon dare yana hannun iyaye.

Abin da uwa za ta iya, ko ba ta jin Turanci

Mun sha jin iyaye mata suna cewa, "Malam, ni ban yi boko ba, me zan iya?" Mama, kina iya abin da malamin aji mai yara 60 ba zai iya ba. Ki sa yaron ya karanta shafi ɗaya na littafinsa na Turanci, ya rufe, sa'an nan ya ba ki labarin da Hausa ko da harshenku. Ba sai kin san Turanci za ki gane labarin da ba shi da kai ba shi da gindi ba. In ya ce mutumin ya gudu, ki ce, don me ya gudu? In ya yi shiru, ya koma ya sake karantawa. Ki tambaye shi wa ya fi gaskiya a cikin labarin, da abin da ya sa ya ce haka. Daga ƙarshe ki ce ya faɗi dukan abin cikin magana biyu. Minti 15 ya isa. Abin da kika yi ke nan shi ne sashen fahimta da na taƙaitawa, masu maki 50, kin kuwa yi shi kina tsince wake.

Gidajen da suke da al'adar karatu da yamma sun riga sun yi rabin tafiya. Tun 1932 akwai cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, a gidaje da yawa kuwa shi ne littafin da yaro ya fara gani. In aka ba yaro ya karanta, kada a tsaya ga yabon muryarsa. A tambaye shi abin da ya ji. Akwai yara masu karatu kamar ruwa, da Hausa da Turanci, waɗanda in ka tsayar da su ba su san inda suka biyo ba.

Uba kuma ya riƙa duba littafin insha'i na ɗansa, ba katin sakamako kaɗai ba. Ko bai iya karanta shi ba, yana iya ƙirga shafuka, yana kuma iya ganin jan biro. In zango ya ƙare yaro bai rubuta insha'i ko uku ba, ko ya rubuta amma ba alamar an duba, to, akwai tambayar da ya kamata a kai makaranta, cikin ladabi. In akwai rediyo, yaro ya saurari labaran Turanci ya faɗa wa gida abin da aka ce, sa'an nan a kama na Hausa a ji ko ya yi daidai. Yara suna son wannan, gama ya zama kamar wasa. Wasiƙun gida ma a bar masa, shi ya rubuta wa yayansa da yake aiki a birni, da cikakkun kalmomi.

Sauran abu shi ne littattafai. Ba littafin tambayoyin bara muke nufi ba, littattafan labari muke nufi, masu sauƙi, waɗanda yaro zai karanta don daɗi ba don tsoro ba. In ya buɗe shafi ya ga kalmomi fiye da biyar da bai sani ba, littafin ya fi ƙarfinsa tukuna, a nemo masa na ƙasa da shi. Gida ɗaya ba zai iya sayen da yawa ba. Amma zumuntar mata da take iya tara kuɗin anko tana iya tara littattafai 30 a akwati ɗaya, a sa wata ta riƙe mabuɗi da littafin sunayen masu ara.

Gajeriyar hanya

Ba za mu rufe ido ga abin da kowa ya sani ba. Akwai makarantun da ake kai yara a shekarar ƙarshe domin a rubuta musu amsa a allo, iyaye kuwa su ne suke biya, har da waɗanda suke hana 'ya'yansu ƙarya a gida. Ban da laifin da yake ciki, cinikin ma asara ne. Yaron da ya sayi B3 zai zauna gaban kwamfutar JAMB, inda tambayoyi 60 cikin 180 na Turanci ne, ba kuwa mai raɗa masa. In ya tsallake, lacca da Turanci ce, littattafai da Turanci. In yarinya ce ta gama aikin jinya tana neman aiki a Ingila, ga wata jarrabawar mai suna IELTS, wadda aka fara a 1989, a nan kuwa sai ta saurara, ta karanta, ta rubuta, ta kuma zauna gaban mai jarrabawa ta yi magana da bakinta. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Wanda ya riga ya faɗi fa? Ƙofa ba ta kulle ba. WAEC da NECO duka suna da jarrabawar masu zaman kansu wajen ƙarshen shekara, WAEC kuma tana da wata a farkon shekara. Jami'o'i da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe, sai dai a bincika tun da wuri, gama wasu fannoni, kamar likitanci, sukan nace a kan zama ɗaya. Amma kada a biya kuɗin rajista sa'an nan a bar yaron yana yawo har saura mako biyu, ba a fafe gora ranar tafiya. Daga Agusta zuwa Nuwamba akwai wajen mako 12. A nemi malami ɗaya, ko ɗalibin kwaleji a unguwa, wanda zai yarda ya duba masa insha'i ɗaya da taƙaitawa ɗaya kowane mako, ya zauna da shi su bi jan biron tare, yaron kuma ya sake rubuta wanda aka gyara kafin ya fara sabo.